Tayoyin da Sikeli Ya Ƙi Ɗaurawa

Kifin ba nawa ba ne, na mai ɗakina ne, kuma gara in faɗi haka tun farko, domin ita ma abin da take faɗa wa duk wanda ya yi kuskuren cewa “kifinku” ke nan. Ni nawa a ciki tuƙi ne, da ɗaukar buhun abincinsu, da shan faɗa in na zuba musu fiye da ƙima. Shekara shida ta yi tana zaɓen iyayen karfasa, wannan ta fi faɗin baya, wancan ya fi saurin girma, har ta tara ɗari uku da sittin. Duk 'ya'yan kifin da masu kiwo ke zuwa saye a wurinta daga cikin waɗannan suke fitowa. In aka rasa su babu kasuwar da za a je a sayo irinsu, sai dai a sake wata shekara shidan, mu kuwa ba yara ba ne.

Sai rijiyar da ke shayar da tafkunanmu ta fara ja da baya. Muka yi ta lallaɓa ta har muka gaji, daga ƙarshe muka haƙa sababbin tafkuna a wani fili da na saya a bakin rafi tun ina aikin safiyo, wato awon filaye. Wurin yana da kyau, hanyarsa ce abin tsiya. Kilomita saba'in na kwalta, sannan goma sha ɗaya na hanyar da ko jaki sai ya tsaya ya yi shawara: yashi mai zurfi a gindin kwari, daga nan kuma hawa mai duwatsu masu kaifi wanda ya karkace gefe guda.

Da tarwaɗa ce da ban damu ba, ita ko a bokiti ka manta da ita za ta kwana ta tashi tana harararka. Karfasa kuwa 'yar gata ce. Mai ɗakina ta ce daga rufe tanki zuwa buɗe shi kada a wuce awa uku, iyakar abin da batirin ƙaramin injin da ke hura wa ruwan iska zai iya ke nan, kuma a isa kafin rana ta yi zafi. Tafiyar awa biyu ce da 'yan mintoci in komai ya tafi daidai. Muka tsara tanki mai lita ɗari shida a bayan a-kori-kurata, wani mai lita dubu a kan ƙaramar tirelar da zan ja. Abu ɗaya ya rage, tayoyina sun suɗe har sun fi goshina sulɓi.

Ana saura kwana biyar sai ga surukina, mijin autarmu, ya tsaya a ƙofar gida da motar haya cike da taya. Sababbi fil guda huɗu, masu manyan haƙora, suna ƙamshin roba.

“Baba, na ji Mama tana maganar hanyar,” ya ce, kansa a ƙasa. “Na duba girman da ke jikin naku na sayo daidai shi. Mai kantin ya ce waɗannan ko dutse suna hawa.”

Sai an san yadda muke da shi kafin a gane nauyin wannan kyauta. Surukin nawa mai kantin magani ne, mutum mai sanyin hali, mai tsabtar farce. Ni kuwa tun da ya shigo gidanmu ban raga masa ba. Na taɓa cewa a gaban mutane ko ƙwan lantarki ya mutu a gidansa sai ya kira 'yata ta canza, aka yi dariya, shi ma ya yi, amma na ga abin ya yi masa ciwo. Shekara uku yana gaishe ni a tsugune ina amsawa a tsaye. Yau ga shi ya tsallako cikin harkar mota, inda ya san nan ne fadata, ya kawo abin da ya fi ƙarfin aljihunsa. Raina ya yi fari ƙwarai. Na shafa haƙoran tayar, na ce masa Allah ya yi albarka, kuma a karo na farko na faɗa da gaske.

Washegari na loda su na nufi wurin Sikeli.

Sunansa na yanka ya ɓace tun da daɗewa. Ana ce masa Sikeli ne saboda ba ya sayar wa mai ɗaukar kaya taya sai ya tura shi ya hau sikelin masu tsakuwa da ke bayan shagonsa. Gajere ne, mai furfura a gira, kullum da guntun alli a bayan kunne. Shagon nasa tayoyi ne jere har rufi, da injin iska mai tari a lungu, da bahon baƙin ruwa da yake tsoma taya a ciki in yana neman huji. A bango akwai wani allo da ya rubuta lambobi layi biyu da hannunsa, na sha ganinsa amma ban taɓa tambaya ba. Mun san juna shekara ashirin, kuma a shekara ashirin ɗin nan bai taɓa barina na fita ba tare da ya ɓata mini rai da wata tambaya ba.

“Me za ka ɗauka, Safiyo?” ya ce, tun kafin in gama sauke ta biyu.

“Taya na kawo ka ɗaura, ban zo hira ba.”

“Na ga taya. Me za ka ɗauka?”

Na faɗa masa. Ya tsuguna, ya tofa yawu a yatsa ya goge gefen tayar, ya wuce lambobin girma, ya tsaya a kan wasu ƙanana uku da ke biye da su.

“Karanta.”

“Ɗari da huɗu.”

Ya nuna allon bangon da haɓa. “Wannan lamba ba ado ba ce, ita ke faɗin nauyin da taya za ta ɗauka. Ɗari da huɗu, kilo ɗari tara ke nan kowace ɗaya, in ta ƙoshi da iska, a kan kwalta mai kyau. Biyun baya, dubu ɗaya da ɗari takwas. Je ka cika tankunanka da ruwa, ka ɗaura tirelar, ka taho a hankali mu auna.”

Na yi tsaki, amma na je. Mutumin da ya yi shekara talatin yana auna filayen mutane ba zai ce yana tsoron awo ba. Da na dawo muka zagaya wurin masu tsakuwa, ya sa na ɗora ƙafafun gaba kaɗai a kan sikelin, ya rubuta a tafin hannunsa, sannan na baya. Ƙafafun baya suka ba da dubu ɗaya da ɗari bakwai da sittin.

“Saura arba'in,” na ce, har da gyara tsayuwa. “Lissafinka ma ya goyi bayana.”

“Lissafin mota a tsaye ke nan. Ka auna kifin?”

“Kifi nawa ne nauyinsu?”

“Ka auna uwargida?”

“Wannan kuma ba a haifi mai auna ta ba.”

Ya ɗan murmusa, amma bai sake ni ba. “Ruwa ba buhun siminti ba ne da zai zauna inda ka ajiye shi. Ka hau tudu ya koma baya, hanya ta karkace ya tattaru a kan ƙafa ɗaya, ga tirela tana danna maka gindin mota duk ramin da ka faɗa. To, in ka isa yashin nan me za ka yi?”

“In rage iska mana, kamar kowa.”

“Iskar ce ke ɗaukar kayan, Safiyo, robar riƙe ta kawai take yi. Ka rage iska, ka rage ɗari taran nan. Kuma gefen wannan tayar siriri ne, an yi ta ne don motar da ke kai iyali shaƙatawa. Haƙoran ne suka ruɗe ku. Kai mai ɗari da goma sha biyar kake buƙata, mai ninki goma.”

Na fahimci abin da ya faɗa sarai, ba wai ban fahimta ba. Amma fuskar surukina nake gani, da yadda ya tsaya a ƙofar gida yana murza hannu a gefen motar haya. In je in ce masa me? Kyautarka ba ta yi ba, kamar yadda na saba cewa komai naka bai yi ba?

“Ɗaura su haka nan,” na ce.

“Ba zan ɗaura ba.”

“Motata ce.”

“Hannuna ne.”

A nan ne na faɗi maganar da har yau in na tuna sai na ji kunya. Na ce ai na gane, so yake ya sayar da nasa, shi ya sa na wani ba su yi ba. Na faɗa da ƙarfi, har masu tsakuwa suka waiwayo. Sikeli ya dube ni. Ya cire allin daga kunne, ya duba shi, ya mayar. Da kansa ya taya ni mayar da tayoyin cikin mota. Sai da na tayar da injin ya dafa tagar.

“Ka je wani ya ɗaura maka, masu ɗaurawa ba su ƙare ba. Amma ka yi mini abu ɗaya, tunda ruwan yana cikin tanki. Gobe ka yi tafiyar nan da shi, yadda za ka yi ta ranar, da injin iskar a kunne da komai. Ruwa zalla, babu kifi. In ka je ka dawo lafiya, ka zo ka zage ni a gaban masu tsakuwa, zan tsaya.”

Wani mai faci a bakin titi ya ɗaura mini su cikin rabin awa, bai tambaye ni ko sunana ba. Na ji daɗinsa ƙwarai a lokacin.

Ba don na yarda da Sikeli na yi tafiyar ba, don in dawo in zage shi ne. Na ce wa mai ɗakina zan je in duba bakin tafkunan. Ƙarfe bakwai na kunna injin iskar, na kama hanya. Kwalta ta wuce lafiya, ina tafe ina tsara kalmomin da zan faɗa masa, har ina gyara wasu. Da na sauka daga kwalta na fito na taɓa tayoyin. Na gaba da ɗumi kawai, na baya kuwa sai da na janye hannu. Na ce ai rana ce, ko da yake rana ɗaya ce ke dukan gaba da baya.

A yashi motar ta fara nutsewa, na rage iska da ido kamar yadda na saba tun ina aiki, ta fita. Ban tsaya na mayar da iskar ba, don duk rayuwata ban taɓa mayarwa ba sai na koma gari. Da can fanko nake yawo, daga ni sai sandunan awo. Na kama hawan duwatsun a giya ta ɗaya. Wajen tsakiya, inda hanyar ta karkace hagu, na ji ruwan ya tafi gefe guda gaba ɗaya, motar ta kwanta a kan ƙafar baya ta hagu. Ba wata ƙara mai ban tsoro aka yi ba. Wani gajeren “fus” ne, sai gindin motar ya zauna.

Gefen tayar ya tsage kamar tsawon tafin hannuna. Haƙoran kuwa suna nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Canza taya aikin minti goma sha biyar ne a ƙofar gida. A kan gangare, da tan ɗaya da rabi na ruwa, wani abu ne daban. Jak ɗina ya ƙi ɗaga motar, da na matsa masa sai ya fara karkacewa. Dole na tara duwatsu na tare ƙafafun tirela, na kwance ta da ƙyar, na buɗe tankin bayan mota na zubar da lita ɗari shida a ƙasa, ruwan ya mayar da inda zan kwanta taɓo. Na nemo faffaɗan dutse na ɗora jak. Da na sauko da safaya sai na tarar rabin iska gare ta, na hau bugun famfon ƙafa ina hutawa, don gwiwata ba ta da sauran wannan ƙarfin. Babu wanda ya wuce, ko mai keke.

Ina kwance a ƙarƙashin mota ina neman wani noti da ya faɗa cikin taɓo sai na ji wani abu ya canza. Na ɗan jima kafin in gane. Injin iskar ne ya yi shiru, batir ya ƙare. Na fito na duba agogo, ƙarfe goma da 'yan mintoci, kuma ko tayar ban ɗaura ba. Na hau tirela na buɗe murfin tankin. Ruwan ya kwanta, babu kumfa ko ɗaya. Na tsoma hannu na ji ya fara ɗumi, ga rana ko tsakiya ba ta kai ba. Na daɗe a tsaye ina kallon cikinsa, babu komai sai inuwar kaina, amma ni fararen cikkunan kifaye nake gani suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, da mai ɗakina tsaye a gefen hanya. Na zauna a kan ƙarfen tirelar na yi ta godiya ga Allah da ruwa ne kawai, ina yi ina jin haushin kaina.

Awa biyu da minti arba'in na yi a wurin.

Ban bi ta gida ba. Da taɓon da komai na tsaya a ƙofar Sikeli, na sauke fasasshiyar tayar na mirgina ta gabansa. Yana cikin tsoma wata a baho, ya ɗago ya dube ni daga sama har ƙasa.

“Ka zo zagin?”

“Na zo ka yafe mini. Maganar da na faɗa jiya ba ta dace ba, kuma a gaban mutane na faɗe ta.” Na juya wajen masu tsakuwa na ɗaga murya. “Ku shaida, ni ne ban da gaskiya.”

“Bar tara mini jama'a,” ya ce. “Ka sha ruwa tukuna, leɓenka ya bushe.”

Ko sau ɗaya bai ce ai na faɗa maka ba. Da ni ne a matsayinsa da na faɗa sau uku, shi ya sa abin ya ƙara kama ni. Ya sa yatsa cikin tsagar, ya leƙa cikin tayar, ya nuna mini inda zafi ya sa robar ta fara saɓulewa tun a kwalta.

“Tayar ba ta yi laifi ba,” ya ce. “Taya ce mai kyau, an ba ta aikin da ba nata ba ne. Ukun da suka rage akwai mai ƙaramar mota da ke neman irinsu, ba za su yi asara ba.”

Ya sauko da biyar, ba huɗu ba, ya ce safayar da ba ta kai sauran ba ado ce kawai. Kowace sai da ya sa na karanta lambar da bakina, ɗari da goma sha biyar, na duba allo na ga kilo dubu ɗaya da ɗari biyu da goma sha biyar. Na fara murna ina cewa ashe har ƙarin tanki zan iya ɗorawa, sai ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙarfen, wadda shekara tara ina shiga ina fita ban taɓa karantawa ba.

“Ga iyakar abin da ƙafafun bayan motar za su ɗauka, ko wace taya ka sa. Ka kusa kaiwa. Taya mai ƙarfi ba ta mayar da a-kori-kura babbar mota. Rarar da na ba ka ta yashi ce da gangare, ba ta haɗama ba.”

Ya sa na mayar da batir da kayan aiki gaba. Ya duba tayoyin tirela ya ce su sun isa. Sannan ya ciro alli ya rubuta awon iskar taya a cikin ƙofar: kwalta, sittin da biyar a baya. Yashi, arba'in da biyar, kada a gaza haka, kuma a tuƙa a hankali kamar tafiyar ƙafa. Ƙarƙashin wannan ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa a mayar da iska kafin duwatsu. Ya ara mini ƙaramin injin bugun iska da ake haɗawa da batirin mota, da gejinsa na auna iskar taya, da jak mai ƙarfi.

“In ba kaya za su riƙa jijjiga ka har haƙoranka su kaɗa,” ya ce. “Kada ka zo ka ce na cuce ka, rage iskar za ka yi.”

A gida na ce dutse ya yanka taya ɗaya, Sikeli ya canza su duka. Mai ɗakina ta dubi taɓon da ke wandona, ta dubi fuskata, ta koma kan aikinta. Hankalinta yana kan kifin, ta fara rage musu abinci don kada su ɓata ruwan tanki a hanya. Ni kuwa tsugune ba ta ƙare ba, saura surukina.

Na same shi a kantinsa washegari da hantsi, yana bayan kanta cikin farar riga. Da ya gan ni ya zagayo da sauri zai tsuguna, na riƙe kafaɗarsa. Na faɗa masa komai, har da zagin da na yi wa Sikeli da awa biyu da minti arba'in. Ina magana fuskarsa tana canzawa.

“Baba, da na kashe wa Mama kifinta ke nan.”

“Da ni na kashe. Kai girma ka duba, kuma girman daidai ne. Ni aka nuna wa lambar, na gane, na ƙi.”

“Me ya sa kuka ƙi?”

Tambayar ta yi mini nauyi. Na dubi kwalaben da ke jere a bayansa. “Don kai ka kawo su,” na ce. “Ban so in mayar maka da su ba.”

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

“Mu ma nan ba ma ba yaro magani sai mun san nauyinsa,” ya ce a hankali. “Ban san taya ma haka take ba. Baba, in ba damuwa, zan bi ku ranar.”

Ranar muka fara kamun kifi da sassafe. Mai ɗakina a cikin tafki ruwa har ƙugu, tana miƙo koma, mu muna juyewa a tanki. Ƙarfe bakwai saura kwata ta rufe murfi da hannunta ta kunna injin iskar. Ta zauna a gaba da agogo a cinya, surukina a baya rungume da geji kamar an ba shi jariri.

Ban wuce gudun kilomita hamsin ba a kwalta. Da muka sauka na taɓa tayoyin baya, ɗumi kawai, na kira shi ya taɓa shi ma. A bakin yashi ya tsuguna da fararen takalmansa yana rage iska yana karanta geji da ƙarfi, ƙafa bayan ƙafa, bai yarda ko ɗaya ta gaza arba'in da biyar ba. Muka ratsa a hankali, motar tana nishi amma ba ta tsaya ba. Da muka fita na tsaya don a mayar da iska.

“Me kuma aka tsaya yi?” mai ɗakina ta ce. “Lokaci yana tafiya, Malam.”

“Minti goma sha biyu, Mama,” surukina ya amsa daga ƙasa. “An rubuta a ƙofa.”

Ta dube ni, na ɗaga kafaɗa. Ban taɓa jin ya mayar mata da magana ba sai ranar, kuma ta haƙura.

Muka kama hawan duwatsun. Da muka zo inda hanyar ta karkace, ga duwatsun da na tara suna nan, ga busasshen taɓon. Na ji ruwan ya tafi hagu, motar ta jingina a kan ƙafar nan, tirela ta ja ta baya. Na riƙe sitiyari har yatsuna suka yi ciwo. Tayar ta ɗan lotsa, ta ɗauka, muka wuce. Da muka hau tudu sai na ga rafin yana ƙyalli a ƙasa.

Ƙarfe tara da minti goma ta buɗe tanki. Ba ta yi gaggawa ba, sai da ta riƙa ɗebo ruwan tafkin tana zubawa a tankin kaɗan-kaɗan har sanyinsu ya zo ɗaya. Sannan aka fara sauke su, tana tsaye cikin ruwa tana ƙirgawa, surukina yana kawo koma, wandonsa ya jiƙe har gwiwa bai ko kula ba. Kowane kifi ya taɓa ruwa sai ya ɗan tsaya, ya kaɗa wutsiya ya nutse. Ta ɗari uku da arba'in da ɗaya ce ta kwanta a gefe, wata babbar mace mai faɗin baya. Mai ɗakina ta tallafe ta da hannu biyu a cikin ruwan, tana kai ta gaba tana dawo da ita, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Mun kai minti uku a haka kafin ta motsa, ta fizge daga hannunta ta tafi.

“Ɗari uku da sittin,” ta ce daga ƙarshe. Ta fito ta zauna a bakin tafkin, zaninta yana ɗigar ruwa. Na zauna kusa da ita. Surukina ya koma wajen mota, wai zai duba iska, alhali babu abin da ya sami iskar.

Mai ɗakina ta juyo gare ni.

“Duwatsun nan da aka tara a kan gangare, kai ka tara su?”

“Ni ne.”

“Da tankunan a cike ka zo ranar?”

“A cike. Sikeli ne ya ce in gwada da ruwa zalla. Ya ƙi ɗaura tayoyin, na zage shi, na kai wani ya ɗaura.”

“Awa nawa ka yi a wurin?”

“Biyu da minti arba'in.”

Na ga leɓenta yana motsi, tana haɗa shi da awa biyun da muka riga muka ci kafin gangaren. Ba ta yi faɗa ba, ni kuwa na shirya wa faɗan, har na fi son sa. Ta sa bayan hannu ta share ido, hannun ma a jiƙe yake.

“Da babu ko ɗaya,” ta ce.

“Da babu.”

“Gobe ka kai ni wurin mutumin nan. Ba saƙo zan ba ka ba, da bakina zan gode masa.”